Gilashin ƙofar baya ya ƙi tashi

Malam, ka ce gilashin ƙofar baya na motarka ya tsaya cak, sauran ukun kuwa suna aiki. To, da wuya a ce babban fiyus ne. Fara duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba.

In ba shi ba ne, janye robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ciki suna lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, har tagullar ta tsinke, bawon yana nan lafiya. Nan na fi zargi.

A yawancin motoci, injin da ke ɗaga gilashin waya biyu gare shi. Mai rewaya ya ba shi wutar batir kai tsaye, sannan ya juya wayoyin: in ya hau ya sauka, kada ka yarda a canja shi.