Ga ƙanin da yake son rubuta kundinsa a kan sulhun Isra'ila

Wallahi ƙanina, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce kana son yin digiri na biyu a kan siyasar Yahudawan Isra'ila da yadda suke zaman sulhu, amma yayanka ya ce ka nemi wani fannin, abokai kuma sun fara yi maka kallon wanda aka saya, shi ne kake tambaya ko ka haƙura. Hanyar nan na biyo, kuma har yau tabon yana nan.

Nawa aikin a kan yarjejeniyar Camp David ne ta 1978, wadda Sadat na Masar da Begin na Isra'ila suka ƙulla bayan kwana 13 a wurin hutun shugaban Amurka mai suna Camp David, a hannun Shugaba Jimmy Carter. Ranar da na gabatar da shawarar binciken a sashenmu, akwai wani babban malami, ba ma shi ke duba aikina ba. Ko buɗe takardar bai yi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Kai duk faɗin duniyar nan ka rasa waɗanda za ka karanta sai Yahudawa? Nawa suka ba ka?" Ɗaki ya ɗauki dariya, har da yaran da nake koyarwa. Ni da bashi na ci na buga kwafin da aka raba musu! Na tsaya riƙe da takarda, bakina ya bushe, na kasa cewa uffan. Bai tsaya nan ba. Da aka kai masa babina na biyu ya sa hannu, sai ya jefa a durowa kusan wata bakwai. In na je ya ce yana taro, in na dawo a ce ya fita masallaci. Ranar da ya ba ni, shayi ne ya zube a shafin farko, babu gyara ko ɗaya a ciki. Mun haɗu a wani ɗaurin aure bara, ya miƙo hannu yana fara'a kamar ba shi ba. Na gaishe shi don girma, amma Allah Ya sani.

Abin da na so faɗa a ranar kuwa bai fi wannan ba: sulhu a gida yake mutuwa, ba a kan tebur ba. Majalisarsu ta Knesset kujera 120 ce, kuma babu jam'iyyar da ta taɓa cin 61 ita kaɗai a zaɓe, kullum gwamnatin gamin gambiza ce. Begin ɗan ra'ayin riƙau ne, amma shi ya yarda a mayar wa Masar Sina'i, aka kwashe 'yan kama-wuri-zauna daga garin Yamit da ke Sina'in a 1982, wasu 'yan jam'iyyarsa ta Likud suka juya masa baya, 'yan adawa na Leba suka tallafe shi. Firaminista Rabin kuwa da ƙyar ya tsallakar da kashi na biyu na yarjejeniyar Oslo da Falasɗinawa a majalisar, ƙuri'a 61 da 59, bayan wata guda, ranar 4 ga Nuwamba 1995, Bayahude ɗan'uwansa ya harbe shi. Sadat ma sojojin ƙasarsa ne suka kashe shi a 1981. Firaminista Barak ya tafi Camp David zaman sulhu da Falasɗinawa a 2000 bayan jam'iyyar Shas da wasu jam'iyyu sun fice daga gwamnatinsa, to da me zai yi ciniki? Mu ma ai mun ga irinta: Gowon da Ojukwu sun daidaita a Aburi ta ƙasar Ghana a Janairun 1967, suna dawowa gida kowa ya karanta takardar yadda yake so.

Don haka kada ka bari, amma ka fara neman malamin da zai tsaya maka kafin ka kai taken bincikenka. Ni ban yi haka ba, shi ya sa na sha wuya. Kuma don Allah kada ka rubuta "Yahudawa sun ce" kamar bakinsu ɗaya, wane ne a cikinsu, wace jam'iyya, a wace shekara? Na Amurka ma daban suke da na Isra'ila. Ni zuciyata tana tare da Falasɗinawa, ban taɓa ɓoyewa ba, sai dai a kundi hujja ake nema.

In ka yi Islamiyya da kyau, Ibrananci ba zai ba ka wahala sosai ba, dangin Larabci ne. Ni sai da na tsufa na fara, kaina ya riga ya yi tauri.

Maganar aiki kuwa ba zan ruɗe ka ba, koyarwa ce mafi yawa, albashin ka san shi. Yayanka yana da gaskiya ta nan, ka lallaɓa shi, kada ka yi masa gardama a gaban iyali. In kana son taken da ba zai tayar da ƙura da yawa ba, duba yadda Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba ta maido ba sai 1992 zamanin Babangida. Ka turo min abin da ka rubuta zuwa yanzu in duba maka, amma sai bayan mun gama makin jarrabawa.