Na zuba kashin kaji a lambuna ganye ya ƙone, ko yara za su iya ci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Filin da ke bayan ɗakina ƙarami ne, shi ya sa na shuka tumatir da latas da alayyafo a cikin buhuna da tsofaffin bokitai. Makonni biyu da suka wuce na share kejin kajina na zuba kashin a gindin shukar, domin an ce mini babu takin da ya kai shi. Yanzu bakin ganyen ya ƙone, wasu sun yanƙwane, ga shi yarana sun riga sun ci latas ɗin ɗanye. Hankalina ya tashi. Shin lambun ya mutu ke nan, kuma akwai abin tsoro game da yaran?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Lambunki bai mutu ba. Ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da sinadarin amoniya da gishiri mai yawa, kuma a cikin buhu ko bokiti, inda ƙasar ba ta da yawa balle ta shanye ƙarfinsa, nan da nan yake ƙona saiwa, sai ki ga gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa alhali tsakiyarsa kore ne. Ki kwashe duk kashin da ke sama, ki tabbatar kowane bokiti yana da huji a gindi, sannan ki kwarara ruwa mai tsabta har ya riƙa fita ta ƙasa. Duk tumatirin da samansa bai bushe ba zai sake toho.

Abin da ya fi damuna shi ne wata magana mai kama da wadda aka gaya miki, domin kusan kullum sai na ci karo da ita: wai tunda takin gargajiya daga jikin dabba ya fito, ba ya cutarwa, takin zamani ne kaɗai abin gudu. Masu yaɗa wannan a kafafen sada zumunta suna ɗaukar hoton ganye kore shar su nuna wa jama'a, amma ba za ki taɓa jin sun ambaci abin da ke maƙale a jikin ganyen ba. Kashin kaji yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter ko da kazar lafiyarta ƙalau, kashin shanu kuwa an san shi da nau'in E. coli O157:H7, wanda ke sa gudawa da jini, wani lokaci har ya taɓa ƙodar ƙananan yara. A shekarar 2006 an samu ɓarkewar wannan cuta a Amurka ta hanyar ɗanyen alayyafo, mutane kusan 200 suka kamu, uku suka rasu. Idan haka ta faru a manyan gonaki masu dokoki da masu sa ido, mene ne zai kare buhun da ke kusa da kejin kaji?

Ki lura da abin da ke faruwa idan kina ban ruwa ta sama. Ruwan yana dukan ƙasa, ya fantsama da burbushin kashi zuwa bayan ganyen latas da cikin lungunansa, can inda yatsa ba ya kaiwa sosai wajen wanki. Wanki yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da su duka, ko an sa gishiri ko ruwan tsami, kuma duk wanda ya ce miki shanya kashin a rana na kwana biyu ya wadatar, bai san abin da yake faɗa ba. Saboda wannan ne dokar Amurka ta noman da ba a sa masa takin zamani ta gindaya cewa sai an jira kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbe duk amfanin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓa ta. Latas kuwa a cikin wata biyu yake isa ci, ke nan babu yadda za a yi ya cika wannan sharaɗi idan aka zuba masa kashin bayan ya tsiro.

Don haka latas ɗin da ya rage ki cire shi, kada a ƙara ci. Alayyafon a wanke shi a dafa sosai, domin zafin dahuwa yana kashe waɗannan ƙwayoyi. Tumatirin ki kafa masa sanda ki ɗaure don kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa, ki riƙa zuba ruwa a hankali a kan ƙasa, kuma duk wanda ya nuna kafin wata uku a dafa shi. Game da yaran, yawanci alamun waɗannan cututtuka suna bayyana ne cikin kwana goma da cin abin. Idan kwanakin sun wuce suna lafiya, ki kwantar da hankalinki. Idan kuwa kika ga zazzaɓi da gudawa, musamman mai jini, ko fitsarin yaro ya ragu, ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, ki gaya wa likita abin da ya ci.

Kada wannan ya sa ki zubar da kashin kajin, domin idan ya ruɓe taki ne mai kyau ƙwarai. Ki tara shi a lungu ɗaya nesa da shukar, ki cakuɗa da busassun ganye da ciyawa waɗanda suka ninka shi yawa, ki yayyafa ruwa ya yi danshi, kina juyawa lokaci-lokaci. Ana so cikin tarin ya kai digiri 55 a ma'aunin salshiyas na kwanaki a jere, amma ƙaramin tari na gida ba kasafai yake yin wannan zafi ba, saboda haka ki bar shi ya yi aƙalla wata shida. Wanda ya nuna za ki gan shi baƙi, yana marmashewa a hannu, warin kashi ya tafi, ba kya iya gane abin da aka zuba. Shi za ki gauraya da ƙasa kafin shuka ta gaba. Kashin kare da na kyanwa kuwa kada su shiga tarin ko kaɗan, domin suna ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da wasu cututtuka masu daɗewa a ƙasa, waɗanda ruɓewar takin gida ba ta kashewa.