Amsa ga ɗan'uwan da ake matsa wa ya hau titi da feloda

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin halin da kake ciki na san shi a jikina. Ka ce lasisinka na rukunin B ne, kuma fomen yana matsa maka ka riƙa kai feloda, wato injin loda ƙasa mai bokiti a gaba, daga wani wurin aiki zuwa wani ta kan babban titi, wai tafiyar ba ta da nisa. Don Allah kada ka amince. Da zarar tayar injin ta bar shingen aiki ta hau titin jama'a, doka tana ɗaukarsa abin hawa kamar kowace mota, kuma wanda ke kan sitiyari shi ake fara riƙewa.

A ƙa'idojin hanya na Najeriya na shekarar 2012, rukunin B na ƙananan motoci ne da ba su kai tan 3 ba. Injinan haƙa da tura ƙasa irin su feloda da gireda suna ƙarƙashin rukunin H, taraktocin noma suna rukunin F, tirela kuma rukunin G. Saboda haka idan jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan VIO suka tsayar da kai, ƙwarewarka ba za ta amfane ka da komai ba.

Ni ina da rukunin H a lokacin da abin ya same ni, amma duk da haka ban tsira ba. Wani ɗan kwangila da na yi wa aiki ya umarce ni in kai gireda wani layi da ake zuba wa burji, dab da magariba. Na tambaye shi takardun injin, ya rantse mini cewa suna ofis, komai cif. A kan hanya wani mai babur ya afka mini ta baya, ƙafarsa ta karye, jama'a suka yi mini ca. Da aka je caji ofis aka nemi inshora da rajista, sai ta bayyana cewa babu ko ɗaya. Mutumin nan da ya rantse da Allah ya kashe wayarsa, da ya buɗe kuma ya ce shi bai aike ni ko'ina ba, gaban kaina na yi. A bayan kanta na kwana, iyalina ba su san inda nake ba, yayana ne ya sayar da babur ɗinsa aka biya kuɗin asibitin bawan Allahn nan. Har yau idan na tuna yadda ya dubi idona a gaban 'yan sanda ya ce bai san da fitata ba, sai zuciyata ta yi zafi, alhali ni ne nake tashi tun asuba ina dumama masa injin, kuma ko albashin watan bai cika mini ba. Na bar shi da Allah.

Dokar inshorar kare wasu (wato inshorar biyan wanda abin hawanka ya cutar) ta 1945, wadda aka maye gurbinta da sabuwar dokar inshora a 2025, ta haramta amfani da abin hawa a kan titi ba tare da inshora ba, kuma laifin ya haɗa har da wanda ya sa ko ya bari aka yi amfani da shi, amma sai kana da shaida za ka iya jawo mai injin ciki. Don haka duk umarnin fita ka nemi a turo maka shi a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka adana. Takardu kuma ka gan su da idonka: rajista da lamba, inshora mai rai, da takardar shaidar lafiyar abin hawa. Inshorar bogi ta yi yawa, ana kuma iya duba sahihancinta a intanet da lambar abin hawan.

Katafila da eskabeta masu tafiya kan sarƙa kuwa ba a ma kawo maganarsu, domin suna farfasa kwalta, lobed, wato tirelar dakon manyan injina, ce ke ɗaukar su. Masu tifa da ke cikinmu su ma su kula, domin ɗaukar yashi ko tsakuwa ba tare da rufewa da tampol ba laifi ne mai tara, kuma tsakuwa ɗaya tana iya makantar da mai babur.

Idan ka samu rukunin H ka kuma ga takardu, to ka fita da rana tsaka, ka zubar da abin da ke cikin bokitin ka ɗan ɗaga shi daga ƙasa, ka tabbatar fitilun baya da na gargaɗi suna aiki, sannan ka nemi a haɗa ka da motar rakiya. Kuɗin sauya rukunin lasisin ma kamfanin ya kamata ka nema ya biya, tunda aikinsu ne ke buƙatarsa. Idan fomen ya yi maka barazanar kora, ka sanar da mu a nan, akwai waɗanda suka san wuraren da ake neman masu tuƙa feloda.