Ga mai tambayar ko ya sayi waya mai LiDAR don sikanin ƙaramin abu

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta taɓa ni. Ka ce murfin baƙar roba kake yi wa sikanin 3D, wato ɗaukar siffarsa don bugawa, yana fitowa a narke duk ramuka, har kana shirin sayen iPhone mai LiDAR, wato na'urar auna nisa da hasken laser. Don Allah dakata tukuna.

LiDAR ɗin da Apple ya fara sakawa a iPhone 12 Pro a 2020 na ɗaki ne, bango da kujeru, abin da bai wuce nisan mita 5 ba. Ƙaramin abu mai lungu-lungu ba ya kama shi da kyau. Ni ma haka wani mai kiran kansa gwani ya rantse mini cewa da na saya shi ke nan. Ashe neman kai yake da wayarsa. Na tattara ɗan abin da nake da shi na ba shi. Wanda ya ba mu aiki ya zo, ya gwada abin da muka buga da firintar 3D a jikin injinsa a gaban mutane, ya ƙi shiga, ya ajiye ya fice ko sallama babu. Na kira gwanin, wai hannuna ne ke rawa. Hannuna! Mutumin da na yarda da shi, nake gaishe shi da girmamawa. Daga baya ma ya daina ɗaga kirana. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba don kuɗin ba, don kunyar ranar.

Wayar hannunka ta isa, hotuna za ka yi amfani da su. Matsalarka sheƙi ne. Manhajar da ke haɗa hotunan su zama siffar 3D tana neman ɗigo iri ɗaya ne a hotuna daban-daban, shi kuwa sheƙi yana bin ka duk inda ka juya, sai ta rikice. Barbaɗa masa hoda har ya dusashe, ka ɗora shi kan tsohuwar jarida. Kashe filasha, ka yi a inuwa. Danna allon ka riƙe har kyamarar ta kulle, sannan ka zagaya daga ƙasa, tsakiya da sama, kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi.

Kuma ka duba maganar fitar da fayil kafin ka wahala, wasu manhajojin sai ka gama su ce biya. Wannan ma yana ci mini rai. In kana da kwamfuta mai katin graphics na Nvidia, manhajar Meshroom mai wannan aikin kyauta ce.

Af, ka ajiye rula kusa da abin. Hoto bai san girma ba, sai ka daidaita awo a Blender, manhajar gyaran 3D, kafin ka fitar da STL, wato fayil ɗin da ake buga 3D da shi. In kuma murfin zagayayye ne kawai da huda biyu, gara ka auna da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi, ka zana shi. Turo hotonsa mu gani, in sha Allahu za a samu mafita.