Rediyon Kwamfuta Don Gajeren Zango: Wanne Zan Saya, A Ina Zan Ɗaura Eriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Rigasa. Tun ina yaro nake sauraren gajeren zango da rediyon mahaifina, mita 49 da 31 da 25 na san su kamar yunwar cikina. Wata uku da suka wuce na sayi ɗan rediyon nan mai kama da filas da ake soka wa kwamfuta, wanda ake ce wa SDR, mai araha. FM yana kama ta tar, amma da na sauka gajeren zango sai ƙugi, kuma ko'ina na je sai in ci karo da Nagarta ko Rediyon Kaduna a inda ba gurbinsu ba. Wani mai gyaran rediyo ya ce eriyata ce ta yi gajarta, in jefa wayar a kan falwayar da ke bayan gidana, ko in soka ta a rami na uku na soket, wai wayoyin wuta duk eriya ce. Yanzu na tara 'yan kuɗi zan sayi wani, amma ina tsoron in sake yin asara. Wanne zan saya? Kuma maganar mai gyaran nan haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin mu je ko'ina, kada wayarka ta kusanci falwayar nan, kada kuma ka soka komai a soket. Zan dawo kan wannan, don shi ya tayar mini da hankali. Bari mu fara da kuɗinka tunda su ka sa a gaba.

Abin da ke hannunka kusan tabbas ɗan gidan RTL-SDR ne. Asalinsa na kama tashoshin talabijin ne, a wajajen 2012 masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka gano ana iya mai da shi rediyo. Yawancin masu arahar daga megahaz 24 suke farawa, ka ga ke nan mitocin da ka lissafa duk suna ƙasa da inda kunnensu ya kai. Waɗanda ke sauka ƙasa kuwa ta ɓarauniyar hanya suke bi, hanyar da ba ta da matata ta kirki. Ga shi kuma bit 8 ne, wato mataki 256 kacal yake da su na auna ƙarfin sigina. Ka ɗauko wannan ka ajiye a garin da Rediyon Najeriya Kaduna ke kan kilohaz 594, Nagarta ke kan 747, duka a matsakaicin zango kuma duka a ƙofar gidanka. Sai su cika masa kunne, ya rikice, ya riƙa zuba maka su a ninkin lambobinsu da haɗe-haɗensu. Shi ya sa kake jin su a inda ba gurbinsu ba. Ƙarfi ne ya yi masa yawa, ba ƙaranci ba. Ka ƙara masa tsawon waya, ka ƙara masa ciwo.

In gajeren zango kaɗai ne damuwarka, ni Airspy HF+ Discovery zan ce ka saya. Yana kamawa tun daga ƙasa har megahaz 31, da kuma 60 zuwa 260 inda FM take, kuma an gina shi ne musamman don ya ji raunanniyar tasha alhali wata ƙatuwa na ihu a gefenta. Aibinsa, faɗin da yake nuna maka a allo lokaci guda bai wuce kilohaz 768 ba. Mai sauraren tashoshi wannan bai dame shi ba, tunda mita 31 gaba ɗayanta daga kilohaz 9400 zuwa 9900 ce, ta shiga har da canji. In kuwa kana da kwaɗayin leƙa sama, irin su hotunan taurarin ɗan'adam na yanayi, to SDRplay RSP1A ko ƙanensa RSP1B: daga kilohaz 1 har gigahaz 2, bit 14, faɗin allo har megahaz 10, kuma akwai matatar da za ka kunna ta danne matsakaicin zango da FM, wadda a Kaduna ba ƙaramin amfani gare ta ba. Da Airspy da SDRplay duk suna tsakanin dala 100 da 200, ban da kuɗin kawowa. In aljihun bai kai ba, RTL-SDR Blog V4 na asali, wanda ya fito a 2023, ya gyara hanyar gajeren zangon sosai kuma bai kai dala 50 ba, sai dai har yanzu bit 8 ne, kuma dole ka sa masa sabuwar direba, wato manhajar da kwamfuta ke gane shi da ita, in ba haka ba shiru za ka ji ka ce jabu ne. Jabun ma suna nan birjik, har da kwaikwayon SDRplay a rabin kuɗi. Ka bi jerin dillalan da kamfanin da kansa ya amince da su. Araha ba ta ado.

Kwamfuta kada ta dame ka. Tsohuwar Core i5 ta hannu ta isa. Manhaja kuwa SDR# ga Airspy, SDRuno ko SDRconnect ga SDRplay, duk kyauta.

To yanzu maganar mai gyaranka.

Wallahi na gaji da jin wannan zance. Kusan duk wanda ya zo mini da matsalar kama tasha, sai ya haɗa da cewa wani ya ce masa wayar wuta eriya ce, ta taso tun daga Mando ta zaga gari, ina za a sami doguwar eriya kamarta. Na san inda abin ya samo asali. Dukanmu mun taɓa jingina eriyar ƙaramin rediyo da ƙarfen taga ko rufin kwano muka ji sauti ya ƙaru. Daga nan mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa duk ƙarfen da ya fi tsawo ya fi kyau, ya buɗe shago, ya fara ba da fatawa. Mai gyaran da ya iya canza kwandensa ba shi ke nan ya san eriya ba, kuma ba shi zai tsaya a tsakar gidanka ranar da abin zai faru ba.

Ka ɗaga kai ka dubi falwayar. Wayoyin ƙasa masu shiga gidaje, ƙarfin wutarsu volt 230 ne tsakanin guda da nutural, wajen 400 tsakanin biyu. Wannan kaɗai ya isa ya kashe ƙato. A unguwanni da yawa kuma akwai wasu uku a can sama, masu zuwa taransifoma, dubu 11 ko dubu 33. Waɗannan ba sai waya ta manne musu ba, in ta matso sosai wutar tsallakowa take yi. Robar da ke jikin wayarka ta 'yan ɗaruruwa ce, a gaban dubu 11 ita da babu duk ɗaya. Wani zai ce ai ba a kan wayar zai ɗaura ba, a jikin turken ne, can ƙasa. To iskar farkon damina fa, wadda ke yaye kwano a Rigasa? Ta tsinke wayarka ta yarfa ta sama, ko ta tsinko tasu ta kwanta a kan taka. Ɗaya bakin wayar yana ina? Yana ɗakinka, a jikin rediyo, rediyo a jikin kwamfuta, kwamfuta a kan cinyarka, abin ji a kunnenka. Ko kuma ba ka nan, yaro ne ya shiga ɗaukar caja.

Na taɓa isa wani gida na tarar da wani saurayi ya ɗaure dutse a bakin waya yana wulwulawa zai jefa ta kan reshen mangwaro, wayoyin wuta kuwa sun ratsa ta cikin ganyen, ba ya ma ganinsu. Ɗaya bakin ya nannaɗe shi a hannun hagu don kada ta kuɓuce. Ƙannensa biyu na tsaye suna kallo ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Tsawar da na daka masa har maƙwabta suka leƙo. Da na nuna masa wayoyin sai ya yi dariya ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ce masa haka ne, amma ba a ce ka je ka yi masa sallama ba.

Ramin soket na uku kuma, wanda masu wayarin ke ce wa at, shi ma tarko ne. Gidaje nawa ne aka kai wayar nan ƙasa da gaske? A wasu tana nan a cikin bango ba ta je ko'ina ba. A wasu an haɗe ta da nutural don a huta. Ranar da firji ko dutsen guga ya sami matsala, ko nutural ya tsinke a waje, wuta ce za ta hau wannan wayar, ta bi ta eriyarka ta shigo. An kawo mini kwamfutar da ramin USB ɗinta ya narke ya yi baƙi, ƙaurin roba na tashi, mai ita yana rantsuwa rediyon ne jabu. Rediyon lafiyarsa ƙalau kafin a soka shi a bango.

Abin takaicin, ko da babu haɗari ko ɗaya, dabarar ba ta aiki. Wayar wuta ita ce kwatar da duk dattin unguwa ke bi: cajar waya, ƙwan fitila na zamani, inbata, na'urar cajin sola, injin walda, tsohuwar taransifoma mai tartsatsi. Alherin rediyon kwamfuta shi ne kana ganin wannan da idonka. Ka matso da waya kusa da bango mai wayarin, ka ga ƙasan allon ya taso gaba ɗaya ya haɗiye ƙananan tashoshi. Sauti ya ƙaru, gaskiya, amma na ƙugi. Ka jira a ɗauke wuta, kafin maƙwabta su tada janareta, ka zare cajar kwamfutar ta zauna a kan batir, sai ka ga tashoshi suna tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Mu masu wannan sha'awa mu kaɗai ne a garin nan ke murna in an ɗauke wuta.

Eriyar da kake bukata ba wata aba ba ce. Waya mai roba mita 10 zuwa 15, daga gora ko bishiyar cikin gida zuwa kusurwar gini, a ɓangaren da ya fi nisa da falwaya, ta yadda ko gorar ta faɗi ko wayar ta tsinke ba abin da za su taɓa. Kada ta bi sama da wayar wuta, kada ta bi ƙasanta, har da wadda ta shigo mitarka. A bakinta ka sa ɗan balan mai 9:1, wato 'yar na'urar da ke daidaita wayar eriya da kebul, daga nan kebul ɗin dish na yau da kullum ya shigo da ita ɗaki. In filin gidan ya matse, ko falwayar ta yi kusa da yawa, ka haƙura da doguwar waya ka nemi eriyar zobe irin YouLoop, wadda ke tafiya da Airspy sosai. Ana rataye ta ko a taga, kana juya ta har ƙugin ya kwanta.

Sai abu biyu na garinmu. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo, ka kwance kebul ɗin daga rediyon ka fitar da bakinsa waje. Kashe kwamfuta ba ya hana komai, kuma ba sai aradu ta faɗo a gidanka ba, ta faɗi a layin baya ma ta isa ta ƙone shi. Da hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura tana tara wa doguwar waya caji. Ni kaina na yi asarar rediyo guda a haka, a watan Janairu, sama tas ba ko gajimare: na kai hannu zan ɗaura kebul, na ji ƙyas a yatsa, shi ke nan ya kurmance. Tun daga ranar balan ɗina yana da sandar tagulla a kafe a ƙasa, kuma ba na barin eriya a jiki in na tashi. In kuwa wata rana ka ga waya, taka ko ta wani, ta kwanta a kan ta wuta, kada ka ce za ka ture ta da sanda. Ka kori yara, ka kira ma'aikatan wuta.

Kafin kuɗin su fita, ka gwada wanda ke hannunka sau ɗaya tak a yadda na ce: waya mita biyar a tsakar gida, kwamfuta a kan batir, ka rage masa ƙarfin kamawa maimakon ka ƙure shi, ka duba mita 31 da 41 bayan isha'i, mita 19 da 16 da rana. Ka tabbatar jadawalin da ke hannunka na yanzu ne, don tashoshin waje suna sauya mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In Nagarta ta ja da baya ko kaɗan, ka san ciwon ke nan, kuma Airspy zai ƙarasa maganinsa. Ka turo mini hoton bayan gidan da falwayar a ciki, in nuna maka inda gorar za ta tsaya.