Sitiyari na rawa in an taka birki: faranti za a saya ko ƙafa za a duba?

Wani ɗan uwa daga Jidda ya rubuto cewa yana da Camry 2005, ya saye ta an riga an sauke ta ƙasa an sa mata manyan ring. In ya taka birki yana kan gudu 100 sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa. Ya kai Sana'iyya, unguwar makanikai, an wanke masa farantan birkin gaba a inji, wato an kankare fuskarsu ta daidaita, wata biyu abin ya dawo. Yana tambaya ya sayi sabbi ne ko ya je tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, ya ɗauko na hannu.

Toh ɗan uwa ka riƙe kuɗinka tukuna. Farantin da aka wanke ya dawo da rawa cikin wata biyu, akwai abin da ke cinsa, in ka sa sabo ma haka za ta faru. Ka fara gwaji da kanka a titi mai kyau: in motar na rawa a gudu 100 zuwa 120 ba ka taɓa birki ba, wannan matsalar taya ce ko ring ya lanƙwashe, a je a yi balansin. In kuma sai ka taka birki take yi, har feda na bugun ƙafarka, to faranti ne, kaurinsa ya daina zama ɗaya ko bai zauna daidai a kan hob ba, wato ƙarfen da ake ɗaura faranti da taya a kansa.

Wannan zaman shi ne inda masu canza ring ke shan wahala. Yawancin ring na kasuwa raminsu na tsakiya ya fi hob ɗin motar faɗi, wasu kuma a ƙara musu sifesa (ƙarfen da ake sawa tsakanin ring da hob), sai yaron shago ya zo da bindigar iska ya ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa sauran, ga tsatsa a fuskar hob ba wanda ya goge (iskar Jidda kuwa kun san yadda take da ƙarfe). Farantin sai ya zauna a ɗan karkace, karkacewar da ido ba ya gani, abin da ake yarda da shi bai wuce kamar milimita 0.05 ba, kullum yana gogar fad, wato abin da ke matse faranti in an taka birki, a waje guda har wajen ya sirance. Ka ce bakanike ya sa agogon awo ya juya farantin a gabanka, notin taya kuma a ɗaure da sifana mai awo, na Camry 103 Nm ne, ana tsallake-tsallake.

Sannan a ɗaga motar a jak. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa boris ne ko boljoyin. Ka kama dama da hagu, in ta yi ƙwas-ƙwas tayarod ne. A sa ƙarfe a ɗan banƙare bushin na hannun ƙasa a haska da tocila, motar da ta kai shekara ashirin a zafin ƙasar nan robar ta tsage sai dai in an taɓa canzawa, kuma bushin da ya mutu shi ke mayar da ƙaramar rawa ta zama babba.

Batun tashlih kuwa, ni faranti ba na ba da shawara. Ƙofa, fitila, madubi, je ka ɗauko. Faranti yana da iyakar kauri da aka buga a jikinsa, tsakanin sabo da iyakar yawanci milimita 2 zuwa 3 ne kawai, naka ma da aka wanke sau ɗaya mai yiwuwa ya kusa. Ka sayi sabbi biyu dama da hagu tare da fad sabo, amma bayan an gama gyaran ƙafa.

Tambaya ta biyu daga wani Alhaji a Makka mai tsohuwar Suburban da aka sa wa manyan tayoyi, yana jigilar iyali zuwa Ɗa'if. Ya ce in ya sauko ta Hada, hanyar dutsen da ke tsakanin Ɗa'if da Makka, yana jin ƙauri, farantin hagu ya yi shuɗi-shuɗi, motar kuma tana ja gefe.

Ranka ya daɗe, shuɗin nan zafi ne ya yi yawa, kuma tunda gefe ɗaya ne na fi zargin kalifa, gidan da ke riƙe fad yana matsa shi a kan faranti, ta kama, ko fil ɗin da take zamewa a kai ya bushe ba giris. A cire fad na ɓangarorin biyu a jera su a ƙasa, za ka ga na hagu ya fi cinyewa. In farce na kamuwa a wata tsaga a jikin farantin, kar a wanke, a jefar. A canza man birki ma in ya haura shekara biyu, don yana shan danshi, a gangara mai tsawo sai ya tafasa feda ta tafi ƙasa. Babbar taya ta fi nauyin tsayarwa, saboda haka a Hada a sa giya 2 injin ya riƙe motar, a daina kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama. Kuma don Allah kar a watsa wa faranti ruwa yana da zafi.

Sai wani matashi a Madina da ya yanke sifirin ɗin motarsa, yanzu tayoyin gaba na cinyewa ta ciki, shokozoba na yoyon mai, ga fahas, wato duba lafiyar mota na hukuma, ya matso zai sabunta istimara, takardar rajistar mota. Wai ya sa shokozoba kawai?

Ƙanina, sabuwar ma ba za ta daɗe ba, don sifirin da aka yanke ya rage mata wajen motsi, kowane tudun rage gudu sai ta daki ƙarshe. Ka nemo sifirin na asali, shi kam ko na tashlih ya yi in bai tsage ba, a sa shokozoba biyu sabbi, a yi alaimen, sannan ka kama layin fahas.