Amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa tayin koyar da rahoton wasanni a foli

Salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka cewa wata foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ta nemi ka riƙa zuwa kana koyar da ɗaliban aikin jarida rahoton wasanni sau ɗaya a sati, kana tsoro saboda ba ka da mastas kuma ba ka taɓa tsayawa gaban aji ba. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta, don irin wannan tayin aka yi min bayan na shafe shekara goma sha tara ina bin ƙwallo da dambe a rediyo, kuma na karɓa da zumuɗi ko takarda ban nema ba, to a nan na fara yin kuskure.

Ka je, ni dai shawarata ka je. Amma kafin ka taka ajin nan ka ce a ba ka takardar ɗauka a rubuce, da sa hannu da hatimi, a rubuta nawa ne alawus ɗinka kuma yaushe ake biya. Ni da baki muka yi magana da shugaban sashe na lokacin, mutumin kirki, Allah ya saka masa, samista ɗaya na yi aka canza shi aka kawo wani, shi kuwa tun ranar da muka fara gaisawa na san ba za mu sha inuwa ɗaya ba.

Abin da ya haɗa mu ba wani abu ba ne, yara na kwasa na kai filin wasa ranar da ake buga wasan lig, su ashirin da wani abu, da kuɗina na ɗauki mota, na roƙi abokanmu na SWAN, ƙungiyar marubuta labarin wasanni ta Najeriya, aka bar su suka zauna kusa da inda 'yan jarida ke zama, na ce kowa ya rubuto min rahoton wasan cikin minti talatin da tashi. Ranar Talata sai ga saƙo wai ana nemana a taron sashe. Ina shiga, gaban malamai kusan goma har da wani yaro da ya yi aikin sanin makama a hannuna a gidan rediyo, mutumin nan ya ɗaga takardar jadawalin karatu ya ce "Malam nan makaranta ce ba gidan kallon ƙwallo ba, wa ya ba ka izinin fitar da ɗalibai? Da wace shaidar ma kake koyarwa?" Aka yi tsit. Wani ya ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, har yau na san ko waye. Ni da nake yi wa dubban mutane sharhi kai tsaye minti casa'in bakina bai taɓa sarƙewa ba, ranar kalma ɗaya ta gagare ni, sai haƙuri na bayar kamar yaron da aka kama da satar amsa. Da na fito na zauna a kan babur ɗina na fi minti ashirin ban tayar ba. Kuma abin da ya fi ci min rai, da lokacin jarrabawa ya zo tambayoyina ya cire, na ba su bayanan wasa ne na ce su rubuta labari, shi ya mayar da su wai a kawo ma'anar aikin jaridar wasanni da rabe-rabensa guda biyar. Alawus ɗin samistar kuwa sai bayan wata goma sha huɗu na gani, shi ma ba cikakke ba, duk sanda na je sai a ce fayil ɗina yana ofishin wane.

Amma fa don Allah kar ka ji wannan ka fasa. Maganar izini yana da gaskiya a ciki, daga baya na gane, da yaro ɗaya ya ji ciwo a turmutsitsin bakin ƙofa ni za a kama, to ka rubuta takarda tun sati biyu kafin fita ka ajiye kwafi. Kuma ka nemi manhajar hukumar NBTE ta kwas ɗin ka karanta, su ke kula da foli, kar ka ce ai ni na san aiki, ka san aiki amma su takarda suke dubawa. Sanin aiki daban iya koyar da shi daban, ni satin farko labari kawai na yi ta ba su, yadda Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, ɗaya da ɗaya a Najeriya biyu da biyu a Alkahira, Pillars ta wuce saboda ta fi cin ƙwallo a waje, yara suna ta jin daɗi ana tafi, da na ce su rubuta sai na ga babu wanda ya iya sa sakamakon wasa a layin farko. Wata yarinya shafi biyu ta cika ba ta faɗi wa ya ci ba. Tun daga nan na rage surutu, kowace lakca sai an yi rubutu, in karɓa in bi da jan biro.

Wani abu kuma, duk ajin za ka tarar Firimiya da Laliga suka sani, su lissafo maka 'yan wasan Madrid har benci amma ba su san kofin lig nawa Pillars ta ɗauka ba, huɗu ne, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma kusan babu wanda ya san El-Kanemi ce ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024. Ka tilasta musu wasan gida. Ka tura su gidan dambe su gano ɓangarorin 'yan dambe, Kudu da Arewa da Guramada, da kansu, su yi hira da mai kiɗa, su tambayi ɗan dambe nawa yake tashi da shi. Labarin Turai kwafowa kawai ake yi daga intanet, wannan kuwa sai ka je da ƙafarka. Kuma ka koya musu Hausar wasa mai kyau, satar gida, bugun kusurwa, kunnen doki, bugun daga kai sai mai tsaron gida, don mafi yawansu a gidajen rediyon Hausa za su samu aiki ba a jaridar Turanci ba.

Maganar kuɗin mota da ake miƙa mana bayan taron manema labarai ma za su tambaye ka, ni wani yaro ya tsare ni a aji ya ce Malam kai ba ka taɓa karɓa ba? Na ce na karɓa, kuma na gaya musu labarin da na kasa bayarwa saboda na karɓa. Kar ka yi musu ƙarya, suna da 'yan'uwa a cikinmu, sun san komai.

Su malaman sashen kuma ka girmama su, ba duka ne irin wancan mutumin ba, akwai wata Malama da ta zaunar da ni ta koya min yadda ake tsara maki da rubuta jadawalin samista, ba don ita ba da tuni na gudu. Kar ka riƙa cewa a gaban ɗalibai wai abin da ake koya musu a littafi ba ya aiki a waje, na taɓa faɗa sau ɗaya kuma kafin azahar maganar ta isa ofis. Mastas ɗin ma in da hali ka fara ko na ƙarshen mako ne, ni sai yanzu da furfura nake yi, ina aji ɗaya da wani tsohon ɗalibina, shi ke tura min abin da aka bayar in na makara a filin wasa.

Ka tambaye su ranar da za su sa maka lakcar tun yanzu, kar ka yarda da Litinin da safe, in ka bi ƙungiya wasan waje ranar Lahadi ba za ka dawo a kan lokaci ba, ni sau uku ina rasa aji a haka kuma duk an rubuta a fayil.